Edgar Banks, dillalin allunan yumɓun Sumer

An haifi Edgar James Banks a jihar Massachusetts ta Amurka a 1866. Ya yi digirin digirgir a Breslau, sannan a 1898 ya zama ƙaramin jakadan ƙasarsa a Bagadaza, lokacin Iraƙi tana hannun Turkawan Daular Usmaniyya. Amma hankalinsa ba ya kan ofis, yana kan kufan biranen Sumer.

A 1903 Jami'ar Chicago ta ɗauki nauyinsa ya fara tono a Bismaya, wato tsohon birnin Adab. Aikin bai yi nisa ba ya watse, bayan hukumomin Turkiyya sun zarge shi da yunƙurin fitar da kayan tarihi. Daga nan malami ya rikiɗe ya koma dillali.

Hajarsa ƙananan alluna ne na yumɓu, wasu ba su kai tafin hannu ba, waɗanda aka danna wa rubutu da tsinken kara tun suna ɗanye. Galibinsu an tono su ne a Drehem da Umma, sun kai shekara 4,000, kuma ba waƙoƙi ba ne ko labaran sarakuna, rasit ne na tumaki da awaki da sha'ir. Ya sayo dubbai, ya riƙa sayar da su ɗai-ɗai ga kwalejoji da ɗakunan karatu da attajiran Amurka.

A nan ɓarnar take. Rasit ɗaya abin ado ne kawai, sai an jera shi da 'yan'uwansa yake nuna yadda aka gudanar da mulki. Mutanen Borno sun san ciwon kusa da wannan: kwafin girgam na sarakunansu da Heinrich Barth ya samu a Kukawa yana Halle ta Jamus. Shi ko ba komai ya tafi a dunƙule. Banks kuwa yaga littafi ya yi, ya sayar da shafukan.

Wajen 1922 ya sayar wa George Plimpton wani allon lissafi na zamanin Babila a kan dala 10. Shi ne Plimpton 322 da ke Jami'ar Columbia, wanda masana lissafi ke muhawara a kansa har yau. Cewa daga Larsa ya fito, bakin Banks ne babbar shaida.

Ya rasu a Eustis ta Florida a 1945.