Francis Sumner: Malamin da Ƙaramar Makaranta Ta Haifa

An haifi Francis Cecil Sumner a ranar 7 ga Disamba, 1895, a garin Pine Bluff na jihar Arkansas a Amurka. A wancan zamani makarantun sakandare na baƙar fata kaɗan ne, don haka bayan ya gama firamare, mahaifinsa ya ɗauki nauyin koyar da shi a gida.

A 1911, yana ɗan shekara 15, ya ci jarrabawar shiga Lincoln, wata ƙaramar makaranta a jihar Pennsylvania wadda wani fasto na ikkilisiyar Presbiteriya ya kafa a 1854 domin ilimantar da baƙar fata. Ita ce daga baya ta yaye Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah. Sumner ya gama a 1915 da sakamako mai kyau ƙwarai, daga baya kuma ya koyar da Jamusanci da ilimin halayyar ɗan'adam a can.

Wannan fanni ne ya kama zuciyarsa. Ya nufi Jami'ar Clark wurin shahararren malami Stanley Hall, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse masa karatu, aka kai shi Faransa a matsayin soja. Da ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya, a 1920 ya zama baƙar fata na farko a Amurka da ya sami digirin dakta a wannan fanni. Ya kuma yi nazari a kan dangantakar addini da lafiyar tunani.

Duk da digirinsa, makarantun baƙar fata masu ƙarancin kuɗi da kayan aiki ne suka ba shi wuri. Ya koyar a Wilberforce, sa'an nan a wata ƙaramar kwaleji a West Virginia, kafin ya koma Jami'ar Howard a 1928, inda ya shugabanci sashen har mutuwarsa.

A Howard ne wani ɗalibi, Kenneth Clark, wanda ya zo da niyyar zama likita, ya sauya fanni bayan ya zauna a ajin Sumner. Iyaye da yawa za su ɗauki wannan a matsayin asara. Amma Clark da matarsa Mamie suka gudanar da bincike da 'yar tsana fara da baƙa, suka nuna yadda wariyar launin fata ke sa yara baƙaƙe su rena kansu.

Sumner ya mutu a Janairun 1954. A watan Mayu na wannan shekara, Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wariya a makarantun gwamnati, kuma ta ambaci aikin ɗalibinsa a cikin hukuncin. Bai ga girbin ba, amma irin da mahaifinsa ya shuka a gida, ƙaramar makaranta kuma ta yi masa ban ruwa, bai faɗi a kan dutse ba.