EMMA TURNER, MAI ƊAUKAR HOTON TSUNTSAYE

Yau za mu ba ki tarihin wata mata da ta fara sana'a lokacin da wasu ke ganin sun makara.

An haifi Emma Turner a yankin Kent na ƙasar Ingila cikin 1867. Mahaifiyarta ta rasu tana yarinya, ta taso cikin hidimar gida. Sai da ta kai shekara 34 sannan ta kama ɗaukar hoto, bayan ta haɗu da Richard Kearton, wani gwanin hoton tsuntsaye.

To, ki sani ɗaukar tsuntsu ba kamar ɗaukar amarya ba ne, domin ba ya tsayawa a gyara shi, balle yana cikin tashi. Tilas idon kyamara ya buɗe ya rufe cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, in ba haka ba fukafukan su fito dishi-dishi. Ana son rana ta kasance bayan mai ɗauka, kuma a bar fili gaban bakin tsuntsun, don mai kallo ya ga inda ya nufa. Sai kuma sanin halinsa, alal misali tsuntsu yakan fuskanci iska in zai tashi. A zamanin Emma kuwa a kan gilashi ake ɗauka, kowane hoto da gilashinsa, ga nauyi. In ta kuskure, kafin ta sauya wani tsuntsu ya yi gaba.

Don haka ta koma kusa da su. Takan zauna watanni cikin wani jirgin ruwa mai ɗaki a tafkin Hickling da ke Norfolk. Takan kwanta a fadama a lulluɓe ta da ciyawa, ta yi sa'o'i ba motsi, har tsuntsaye su manta da ita.

Haƙurin nan ya biya. Akwai wani tsuntsu dangin zalɓe, Turawa na kiransa bitan, wanda farauta da busar da fadamu suka sa ya daina ƙyanƙyasa a Ingila. Cikin 1911 Emma da wani mai gadin daji, Jim Vincent, suka kutsa cikin fadama suka sami ɗan bitan, ta ɗauke shi hoto. Hoton nan ne ya zama shaidar cewa tsuntsun ya dawo, aka kuma ba ta lambar zinariya saboda shi.

Cikin 1924, tana da shekara 57, ta karɓi aikin gadin tsuntsayen teku a tsibirin Scolt Head, don hana ɓarayin ƙwai ɓarna. A shekarar ne littafinta Broadland Birds ya fito. Daga baya ta rasa ganinta bayan wani aikin ido da bai yi nasara ba, ta rasu a Kambirij cikin 1940.

Ke 'yar makaranta, ki lura ba ta da digiri, amma masana sun shigar da ita ƙungiyarsu ta Linnean tun 1904. Ke kuma uwargida, kada yawan shekaru ya hana ki koyon abin da ranki ke so. Mahaƙurci mawadaci.