Tarihin Likita Kahal, Masanin Jijiyoyi

Yau za mu ba masu karatunmu labarin Santiyago Ramon Kahal, mutumin ƙasar Sifen, wanda ya gano yadda jijiya ke tofowa bayan an yanke ta. Ba jijiyar jini mu ke nufi ba, sai wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi.

An haife shi ran 1 ga watan Mayu, 1852, a wani ƙauye wai shi Fetilla. Ubansa likita ne. Yana yaro ba shi da sha'awar kome sai zane, ga ƙiriniya, har uban ya gaji ya kai shi koyon sana'a wurin wanzami, daga baya kuma wurin baduku. Amma ya komo makaranta, ya gama karatun likita a Saragosa cikin 1873. Aka tura shi Kyuba likitan soja, zazzaɓin cizon sauro ya kusa kashe shi. Da ya dawo gida sai ya tattara ɗan abin da ya tara, ya sayi madubin likita cikin 1877.

A zamanin nan masana sun ɗauka jijiyoyi duk a haɗe su ke kamar raga. Cikin 1887 Kahal ya ga wata dabarar rina nama da azurfa, ta Golji mutumin Italiya. Ya gyara ta, ya duba, ya zana abin da ya gani da hannunsa, ya nuna kowace ƙwayar jijiya zaman kanta ta ke yi. Cikin 1906 aka raba musu kyautar Nobel shi da Golji, ko da ya ke Golji bai yarda da maganarsa ba.

Sa'an nan ya shiga gwaji da dabbobi. Ya tabbatar cewa in an yanke jijiya, sabon zare daga kututturen da ya rage ya ke tofowa, yana laluben hanya zuwa ɗaya guntun. In tazarar ta yi yawa kuwa sai zaren ya ɓace, gaɓar ta shanye. Littafinsa a kan wannan ya fito cikin 1913 da 1914. Ya rasu a Madrid ran 17 ga watan Oktoba, 1934.

Tazarar nan har yanzu ita ce matsalar. Don haka masana ke saƙa 'yan bututu da zare mai sirantaka ƙwarai, wanda a ke aunawa da nanomita, watau kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Sukan dasa su a cinyar ɓera, su zama gadar da jijiya za ta bi.

Muna roƙon malamai su tuna da wannan mutum kafin su fid da rai daga yaro mai ƙiriniya.