Wilhelm Rontgen: ɗan mai sayar da yadi da ya ƙi sayar da haskensa

Duk wanda ya taɓa karaya, likita ya tura shi a yi masa radiyo, to ya ci moriyar mutumin da muka kawo muku tarihinsa yau.

An haifi Wilhelm Rontgen ran 27 ga Maris 1845 a garin Lennep na ƙasar Jamus. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai harkar yadi. Yana ɗan shekara 3 suka koma Holan. Can aka kore shi daga makaranta saboda zanen ba'a da wani ɗalibi ya yi wa malami. Bai karaya ba, ya tafi Zurik, ya samu digirin dakta a 1869.

Ran 8 ga Nuwamba 1895, a jami'ar Wurzburg, yana gwada lantarki cikin wata kwalbar gilashi da ya rufe da baƙin kwali, sai ya ga wani allo na ƙyalli can gefe. Wani haske ne da ido ba ya gani ya ratsa kwalin. Da yake bai san ko mene ne ba, sai ya raɗa masa suna X. Cikin Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa Anna Bertha, ga ƙasusuwa ga zobe a fili.

A 1901 shi ne mutum na farko da ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks. Kuɗin kyautar ya bar wa jami'arsa. Ya kuma ƙi yankar takardar mallaka, don kowane asibiti ya yi aiki da hasken ba tare da ya biya shi ba. Bayan yaƙin duniya na farko kuɗin Jamus ya faɗi warwas, ajiyarsa ta narke. Ya rasu a Munik ran 10 ga Fabrairu 1923.

Hasken nan har daga sama yake zuwa. A 1962 masana suka fara gano shi daga wani tauraro mai nisa, a 1999 aka harba na'urar Chandra don bin sawunsa. An gano cewa ƙananan gungun taurari masu haifar da sabbin taurari, waɗanda ba su da sinadarai masu nauyi da yawa, suna fitar da shi fiye da yadda aka saba gani a irin gungunmu.

Mu ƴan kasuwa da abokansu mun san zafin faɗuwar kuɗi. Dukiyar Rontgen ta tafi, amma abin da ya bayar kyauta yana nan yana aiki.