Umaru Ganda: Ɗan Dakon Abijan Da Ya Karɓi Kyamara

Jama'a, a wannan fitowa mun ɗauko tarihin wani bawan Allah ne da yawancinmu ba mu saba jin sunansa ba, alhali kuwa rayuwarsa ta fi kama da tamu fiye da ta taurarin Indiya da muka haddace sunayensu har da na iyayensu. Sunansa Umaru Ganda, Faransawa na rubuta shi Oumarou Ganda. Bazabarme ne, haifaffen Yamai a Jamhuriyar Nijar. Ya yi soja, ya yi ci-rani, ya yi dako a bakin teku, daga ƙarshe ya zama ɗaya daga cikin manyan masu shirya fim na Afirka. Ba kuwa yadda za a ba da labarinsa ba a ambaci wani Bafaranshe mai suna Jan Rush ba, wato Jean Rouch, domin shi ne ya fara tsayar da shi gaban kyamara.

An haifi Umaru a 1935, lokacin Nijar na hannun Faransa. Ya yi firamare a Yamai, amma karatun bai yi nisa ba. Yana ɗan shekara 16 kacal ya shiga sojan Faransa, aka kwashe su zuwa Indoshin, yankin da ƙasar Biyetnam take a yau, inda mutanen ƙasar suka tashi haiƙan sai sun kori Turawan mulkin mallaka. To ka ji fa: yaron da ake mulkar ƙasarsa, shi aka ba bindiga ya je ya hana wasu ƙwatar tasu. Ya yi shekara biyu a can. A 1954 Faransa ta sha kashi, yaƙi ya ƙare. Da aka sallami Umaru ya koma gida, sai ya tarar babu aikin yi. Abin da dubban samarin Nijar ke yi a wancan zamani shi ya yi, ya ɗaure ƙunshinsa ya gangara kudu. Wasu Gwalkwas suke nufa, wato Ghana ta yanzu, shi kuwa Abijan ya nufa, a Kwaddebuwa.

Ya sauka a unguwar Tireshbil, matattarar baƙi da leburori. Aikin da ya samu shi ne dako a tashar jiragen ruwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar Apapa da sassafe yana jiran a nuna shi da yatsa a ce kai zo, kai koma, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Yau a samu, gobe a rasa, buhu a ka, kuɗin ɗaki na jira.

Shi kuma Rush, an haife shi a Faris a 1917. Injiniyan hanya ne da farko, da wannan aiki ya zo Nijar a 1941, sai ƙasar ta shiga ransa, ya watsar da injiniyanci ya koma binciken al'adun mutanen bakin kogin Kwara da ɗaukarsu a fim. A shekarun 1950 ya duƙufa kan binciken 'yan ci-rani: daga ina suke, me ya fito da su, nawa suke komawa da shi gida. Wannan bincike ne ya kai shi Abijan, ya kuma haɗa shi da Umaru. Da yake Umaru na jin Faransanci, yana karatu da rubutu, kuma ya san lungu-lungun da 'yan uwansa ke kwana, sai Rush ya ɗauke shi aikin tattara bayanai da ƙididdiga. Wato dai abin bai fara da abota ba, ya fara ne da maigida da yaronsa. Ya kamata a riƙe wannan, don zai yi amfani nan gaba.

A 1957 suka shiga ɗaukar fim ɗin da ya fito a 1958 da sunan Moi, un noir, ma'ana Ni, Baƙar Fata. Babu rubutaccen labari. Rush ya bi wasu samarin Nijar mazauna Tireshbil ne wata da watanni, suna yin abin da suka saba yi, suna kuma ƙara abin da suke mafarkin yi. Kowannensu ya ɗauki sunan wani tauraron silima, kamar yadda samari ke yi har gobe. Umaru ya zama Edward G. Robinson, abokinsa ya zama Eddie Constantine, wani direban tasi ya zama Tarzan, budurwar da ake rububi a kanta kuma Dorothy Lamour. An nuna ranakun aiki, an nuna Asabar da Lahadi na shaƙatawa, sannan Litinin ta dawo da kowa cikin hankalinsa. A ciki Umaru ya yi mafarkin ya zama zakaran damben duniya, da gari ya waye kuwa wani Bature ɗan Italiya ma'aikacin jirgin ruwa ya lakaɗa masa duka a kan mace. Shi kuma mai sunan Eddie Constantine, wasan ya hau masa kai, ya yi faɗa da ɗan sanda da gaske, aka ɗaure shi wata uku ana tsakiyar aiki.

Ga inda gizo ke saƙa. Kyamarar Rush 'yar ƙarama ce ta hannu, wana ta ake yi kamar agogo, ba ta ɗaukar abin da ya kai rabin minti sai an sake wanawa, kuma ba ta ɗaukar murya ko kaɗan. Saboda haka hoto ne zalla aka samu, bebe. Sai bayan an harhaɗa aka zaunar da Umaru, ana haska masa hoton, shi kuma yana magana a kai yadda ta zo masa. Nan fa mutumin ya buɗe ciki. Ya yi ba'a, ya yi ƙorafin talauci, ya yi wa masu motoci hassada a fili, ya yi wa kansa kirari, ya kuma yi wa kansa dariya. A ƙarshen fim ɗin, yana tafe a bakin ruwa, ya shiga ba da labarin Indoshin, yana faɗuwa ƙasa yana tashi, yana kwatanta yadda ake harbi da yadda abokai ke mutuwa, da yadda aka yi duk wannan ya tashi a tutar babu. Wannan murya ita ce ran fim ɗin. In ka cire ta, abin da ya rage hotunan leburori ne kawai, irin waɗanda Turawa suka sha ɗauka.

Fim ya isa Faris ya yi tashe. Ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958, wadda ke cikin manyan kyaututtukan fim na Faransa. Matasan masu shirya fim na can, irin su Jean-Luc Godard, suka yaba masa ƙwarai, suka kuma kwaikwayi salonsa na fita titi da kyamara a hannu. Amma sunan wa aka kira? Na Rush. A ganinmu a nan akwai abin dubawa. Ba mu ce Rush ya yi cuta da gangan ba, domin a zamanin da Bature ba ya tambayar baƙin mutum ra'ayinsa, shi ya miƙa masa makirfo ya ce yi magana, kuma bai ɓoye cewa maganar ta Umaru ce ba. Sai dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya yi yaƙin, ya ɗauki buhun, ya kuma tsara kalaman, yana Tireshbil. Wanda ya riƙe kyamara da almakashin yanka fim, shi ke da ikon cewa wannan ya shiga, wannan ya fita. Ba mu kaɗai muka ga haka ba. A 1965 Usman Sambene na Senigal ya fuskanci Rush ido da ido, ya zarge shi da sauran masu binciken Afirka da kallon mutanenta kamar yadda ake nazarin ƙwari.

Umaru dai bai tsaya jayayya ba, hanya ya nema. Ya koma Yamai, ya shiga ƙungiyar masu sha'awar fim da ke cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, ya koyi aikin tun daga tushe a matsayin mataimaki. A 1968 aka sa gasar rubuta labarin fim, ya rubuta Cabascabo. Kun san labarin me? Labarin tsohon sojan da ya dawo daga Indoshin. Wato abin da ya faɗa cikin 'yan mintoci a fim ɗin Rush, shi ya ɗauko ya shimfiɗa da hannunsa, ya ba da umarni, ya kuma fito a matsayin jarumin. Soja ya dawo da 'yan kuɗinsa, abokai da maroƙa da mata suka yi masa caa, ana ta shagali. Ran da aljihu ya bushe, kowa ya kama gabansa. Daga ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi karkara neman abinci da guminsa. Wanda duk ya taɓa komawa gida da Sallah bayan shekara biyu a kudu, ya ga yadda ake tarbarsa ran farko da yadda ake gaishe shi a mako na uku, zai gane fim ɗin nan ko da ba ya jin Zabarmanci. An nuna shi a bikin fina-finai na Kan a Faransa a 1969, ya kuma samu lambar yabo a Mosko.

Daga nan sai ya juya kyamara cikin gida. Le Wazzou polygame, na 1970, labarin wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka ya ƙyalla ido kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawari, ya ce sai ta zama ta uku, abin ya ƙare da zubar da jini. Ba addini ya taɓa ba, masu fakewa da rawani ya taɓa. Wannan fim shi ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, shekarar da aka fara ba da ita. Ke nan mutumin farko da ya ɗaga wannan kambi a duk Afirka tsohon ɗan dako ne. Ya biyo da Saitane, kan wani malamin tsibbu mai cin amana, sannan L'Exilé a 1980, wanda ya gina kan tatsuniya game da nauyin alkawari. A yawancin waɗannan ayyuka yana tare da Zalika Sule, ɗaya daga cikin matan farko da suka yi sana'ar fim a Nijar, wadda ta sha tsangwama saboda mutane sun kasa raba ta da miyagun matan da take fitowa a matsayinsu.

Abin sha'awa, duk da ya zama mai gidan kansa, zumuncinsa da Rush bai yanke ba. A 1976 ya sake fitowa a fim ɗin Rush mai suna Babatu, kan mayaƙin nan na Zabarmawa da ya addabi ƙasar Gurunsi a ƙarni na 19. Amma wannan karon ba yaron da aka tsinto a bakin tasha ba ne, darakta ne mai lambobin yabo ya zo taya abokin sana'a aiki.

Ciwon zuciya ya ɗauke Umaru Ganda ran 1 ga Janairu, 1981, yana da shekara 45. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Hukuma ta sa sunansa a babbar cibiyar al'adu ta Yamai, FESPACO kuma ta ware kyauta da sunansa, wadda ake ba wanda ya fi kowa a cikin masu fito da fim ɗinsu na farko. Rush, wanda ya girme shi da shekara 18, ya ƙara shekara 23 a duniya yana zirga-zirga tsakanin Faris da Nijar. A watan Fabrairu na 2004 ya yi haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni ya mutu, yana da shekara 86, aka binne shi a Yamai.