Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makarantar da ya kori jakadan Faransa saboda bam ɗin Sahara

Da wuya a sami ɗan kasuwar da ya taɓa canjin kuɗi a Seme ko Kamba ko Illela da bai riƙe hoton wannan bawan Allah a hannunsa ba, domin shi ne a jikin takardar naira biyar. Amma idan ka tambayi samarinmu na nan Zangon Kwatano, abin da akasarinsu suka sani shi ne sojoji sun kashe shi, shi ke nan. To, yanzu da kullum muke karanta labarin makamai masu linzami da ke gudun da ya ninka na sauti sau biyar, irin wanda Rasha ta harba a Yukiren a shekarar 2022, mun ga ya dace mu tuna wa masu karatu cewa an taɓa tayar da bam ɗin nukiliya a bayan gidanmu, kuma akwai wanda ya tsaya ya ce bai yarda ba.

An haifi Abubakar a watan Disamba na shekarar 1912 a ƙasar Bauchi. Ba ɗan sarki ba ne, kuma wannan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, domin a Arewar wancan zamani ɗan talaka sai ya yi da gaske kafin a saurare shi. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, inda ya tarar da Ahmadu Bello, ya fito a 1933 ya koma Bauchi yana koyarwa a makarantar Midil. A wannan lokacin ne ya rubuta littafin Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace aka ratsa Sahara da shi a matsayin bawa. Ya tafi karatu Landan a 1945, da ya dawo aka zaɓe shi majalisa, ya zama ministan ayyuka a 1952, daga baya na sufuri, sannan Firayim Minista a 1957. Dattawanmu da suka ji shi a rediyo har yau suna maganar muryarsa, wadda ta sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Mu da muke aikin rediyo mun san irin wannan baiwa ba a koyon ta.

A lokacin, Amurka da Tarayyar Sobiyet da Ingila sun riga sun mallaki bam ɗin, shi kuma Janar de Gaulle ya ƙudurta lallai Faransa ta zama ta huɗu. Wurin da suka zaɓa don gwaji shi ne Reggane, cikin hamadar Aljeriya, wadda take ƙarƙashin mulkinsu. Hankalin jama'a ya tashi daga Kano har Ankara, kuma dalilin a fili yake: duk wanda ya san hunturu ya san daga wajen hamada iskar take tasowa, ta bi ta Agadas da Damagaram da Katsina, ta sauke ƙurarta har bakin teku. Tun da Nijeriya ba ta sami 'yanci ba tukuna, sai da Abubakar ya tafi Landan a 1959 ya kai kukansa wurin Turawan Ingila. Suka lallashe shi, aka kafa tashoshin auna gubar iska, amma ba su hana Faransa komai ba.

Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, tsakiyar hunturu, aka tayar da na farko, mai ƙarfin da ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Nkrumah na Ghana ya riƙe kadarorin Faransa da ke ƙasarsa. Aka sake na biyu ranar 1 ga Afrilu. Na uku kuwa ya zo ranar 27 ga Disamba, Nijeriya ba ta cika wata uku da samun 'yanci ba.

A nan ne mutumin da abokan hamayya ke yi wa kallon mai sanyi, ɗan gaban goshin Turawa, ya ba kowa mamaki. Ranar 5 ga Janairu, 1961, gwamnatinsa ta ba jakadan Faransa, Raymond Offroy, kwana biyu ya tattara nasa ya nasa ya bar Legas, ta kuma hana jiragen ruwa da na saman Faransa tsayawa a tashoshin Nijeriya.

Sai dai kuma, kamar kullum, idan manya suka yi faɗa, ɗan kasuwa ne ke biyan kuɗin sabulu. A wancan lokacin Kwatano ba ta da babbar tashar jiragen ruwa, sai gadar lodi da ta miƙa cikin teku. Tashar da muke alfahari da ita yanzu sai a 1965 aka buɗe ta. Kaya masu nauyi na Dahome ta Legas suke shigowa, gyaɗar Maraɗi da Damagaram kuwa da yawanta ta Kano take bi a jirgin ƙasa zuwa Legas. Da aka hana jiragen Faransa tsayawa, sai abin ya faɗa kan maƙwabta, ƙasar Hubert Maga da ta Diori Hamani da Chadi. Wanda ya ga yadda motoci suka yi layi a Seme lokacin da aka rufe iyaka a 2019 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Maƙwabta suka yi ta roƙo, a watan Mayu na 1961 aka janye hanin jiragen, amma huldar jakadanci ta kai kusan shekara biyar a yanke.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A gaskiya Faransa ba ta fasa ba, ta tayar da na huɗu a watan Afrilu na 1961, sannan ta koma gwaji a ƙarƙashin duwatsun In Ekker. Masana tarihi da dama suna ganin de Gaulle bai manta da wannan kora ba, kuma tana cikin abin da ya sa ya karkata ga Biyafara lokacin yaƙin basasa. Amma a namu ganin tsoron da Abubakar ya ji ba na banza ba ne. A 2014 jaridar Le Parisien ta buga wata taswirar sojan Faransa da aka daɗe ana ɓoyewa, wadda ta nuna ƙurar gwajin farko ta kai Injamena da Bamako, cikin kwana 13 kuma ta isa kudancin Sifen. Bayan haka, a zamaninsa ne Nijeriya ta sami kujera a kwamitin ƙasashe 18 na rage makamai da ya fara zama a Janeba a 1962, kuma a 1964 shugabannin Afirka suka yi shelar Alƙahira ta raba nahiyar da makaman nukiliya, wadda ta zama yarjejeniyar Pelindaba a 1996.

A cikin gida kuwa al'amura sun yi masa nauyi: rigimar ƙidaya, zaɓen 1964, da tarzomar Jihar Yamma a 1965, wadda masu sukarsa suka ce ya yi jinkirin kashe wutarta, kuma muna ganin suna da hujja. Ya gama karɓar baƙuncin taron ƙasashe renon Ingila a Legas ke nan, sai a daren 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan kwana shida aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta, aka kai shi Bauchi aka binne. Allah Ya jiƙansa da rahama. Wata guda bayan rasuwarsa, ranar 16 ga Fabrairu, Faransa ta yi gwajinta na 17 kuma na ƙarshe a Sahara, ta kwashe kayanta ta koma tsibiran tekun Fasifik.