Ɗan Hausa da Ƙa'idar Rubutunmu

A hutun da ya wuce ɗan kawuna da ke Maraɗi ya aiko mini da saƙo ta waya, yana tambaya ko an fara tsinkar auduga a wajenmu a ƙasar Malumfashi. Sai da na karanta sau uku kafin na gane. Ya rubuta tchikin a maimakon cikin, kouana a maimakon kwana, Funtuwa kuwa ta koma Fountoua. Na kai wa Baba, ya ce shi duk biyun bai san su ba, zama da ajami yake rubuta lissafin buhunan masararsa. Ga mu mutum uku, jini ɗaya, harshe ɗaya, amma rubutu iri uku. Wannan ne ya sa na bi sawun mutumin da ya fara kafa wa rubutun boko ƙa'ida.

Sunansa Hanns Vischer, amma Kanawa suka raɗa masa Ɗan Hausa. Asalinsa ba mutumin Ingila ba ne. An haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876, ya yi karatu a Jami'ar Kambirij. Ya fara shigowa ƙasar nan cikin 'yan mishan, sa'an nan a 1903 ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin gwamnati, aka tura shi Barno.

A 1906 ya yi abin da ya fi burge ni a rayuwarsa. Da hutunsa ya ƙare, maimakon ya biyo jirgin ruwa, sai ya sauka Tarabulus ya kama hanyar Sahara da ayarin raƙuma. Cikin ayarin har da alhazai masu komowa gida da bayi da aka 'yanta. Suka bi ta Murzuk da Bilma har Tafkin Chadi. Bilma kuwa yau tana cikin Jamhuriyar Nijar, watau ya ratsa ƙasar da daga baya rubutunta ya rabu da namu.

A 1909 ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, inda aka tara malamai da 'ya'yan sarakuna. Nan matsala ta taso. Kafin shi kowane Bature yadda kunnensa ya ji haka yake rubutawa, wani ya sa gidda, wani gida. Ba a iya koyar da yara da irin wannan. Saboda haka a 1912 ya fitar da ɗan littafin ƙa'idojin rubutun Hausa, wanda makarantun gwamnati suka bi.

A nan fa ina da ƙorafi a kansa. Ya tarar da mutane suna rubutu da ajami tun kafin zuwan Turawa, suna wasiƙu da waƙoƙin wa'azi, amma ya goyi bayan a koyar da boko. Amfanin da aka samu ba ya musuntuwa, ga shi da shi nake rubutu yanzu. Amma tun daga ranar mutum irin Baba, wanda ya sauke Alƙur'ani, ya zama wai bai iya karatu ba in ya shiga ofis.

Aikin nasa bai kammala ba. Ya tafi Yaƙin Duniya na Ɗaya, bai koma riƙe makarantar ba. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka zauna, zamanin da Dokta East ke shugabancin hukumar talifi a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta yaɗa su daga 1939. Su ne suka raba kafa da ƙafa, da baki da baƙi. ('Yan ajinmu masu ƙyuyar lanƙwasa su a jarrabawa, ku ji.) Shi kansa Vischer a lokacin yana Landan, yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsunan Afirka a 1926. Ya rasu a 1945.

Duk ƙa'idar nan a kan iyaka ta tsaya, domin Faransa ba ta koyar da Hausa a makarantunta ba. Sai bayan mulkin kai aka zauna a Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a 1980, don a daidaita rubutun ƙasashen biyu. Ba mu kaɗai ke wannan fama ba: ƙasashe masu magana da Fotugis sun sa hannu a yarjejeniyar daidaita rubutu a Lisbon a 1990, amma Barazil ba ta fara aiki da ita ba sai 2009. Mu ma ɗan bambanci ya rage, inda muke rubuta 'ya'ya, littattafan Nijar suna sa ƴaƴa. Ɗan kawuna dai makarantar Faransanci zalla ya yi, bai taɓa ganin littattafan nan ba.

Gidan Ɗan Hausa yana nan a Nasarawa, ginin ƙasa ne, an mai da shi wurin adana kayan tarihi. Na roƙi malaminmu na Hausa a sa shi cikin wuraren da za mu ziyarta in an tashi yawon buɗe ido Kano, ya ce sai an ga kuɗin mota.